Hannu Ba Ya Riƙe Yaro

Ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya kamar na Kawu ba. Maza na ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, mu mata muna ciki. Sai mu ji an yi addu'a an shafa, an yi tsit na ɗan lokaci, can kuma dariya ta taso ƙasa-ƙasa, irin wadda ake toshewa da hannun riga. Ba sai an gaya mini ba, na san wani ne ya tuna ranar da Kawu ya kashe mota ya harɗe hannu. Duk Maradi babu wanda ya taɓa shiga motarsa bai fito da labari ba. Direbobin tasha suka zo a jere, kowa ya ce Allah ya jiƙan Ɗaura-tukuna, don da wannan suna suka san shi, wasu ma na tabbata ba su san sunansa na yanka ba. Wani tsohon jandarma ya ce ya yi shekaru yana tare motoci a hanyar Tsibiri, mutum ɗaya ne bai taɓa samun abin kama shi da shi ba, har haushinsa ya riƙa ji. Matan Jiratawa masu sayar da zogale suka ajiye kwandunansu a zaure, suka shigo suka yi kuka na gaske, sannan ɗaya ta share ido ta tambaya wa zai riƙa yi musu faɗa yanzu.

Ni ban yi dariya ba, ban kuma yi wani kukan kirki ba. Gajiya ce ta yi mini yawa. Shekarar ta zo mana a karkace, damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, soja sun sake karɓar mulki, mutanen ƙauye sun cika gari suna neman aikin da babu. Ga jinyar Kawu wata huɗu. Da ya cika, abin da na fara ji nauyin ƙafafuna ne, Allah ya yafe mini.

Idona yana kan Inna. Inna mahaifiyata ce, ita ce kuma yayar Kawu, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. A wajenmu idan za a fita da mamaci, matan gida sukan matso su ce sun yafe masa duniya da lahira. Matarsa ta faɗa, ƴaƴansa suka faɗa, ni ma na faɗa, har maƙwabciyar da suka shekara goma suna rigimar kwata ta faɗa. Inna na zaune jikin bango da carbi a hannu, bakinta a rufe. Aka ɗauke ƙanenta aka fita ba ta ce uffan ba. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ni kaɗai na san dalili, na kuma san da hannuna a ciki. Ba na son a tuna Kawu da dariya kawai, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu direba ne tun yana saurayi, kuma dokarsa ɗaya ce, ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba: mota ba ta tashi sai kowa ya ɗaura ɗamara. Mutanen gari santir suke ce wa igiyar nan ta jikin kujera. Shi bai yarda da sunan ba, ya ce abin da ake ɗaurawa a ƙugu kafin a fita fama sunansa ɗamara. Za ka shiga ka gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, makulli na hannunsa. In ka ce mu je mana, sai ya ce, "Ɗaura tukuna." In ka tsaya gardama ba zai biye maka ba, sai ya ciro goro ya ɓantara ya kama kallon titi. Na ga ya yi wa liman haka. Ni ma ya yi mini ranar da na makara zuwa jarrabawa, ina kuka yana tauna goro.

Ɗaurawar ma sai irin tasa. Ba a murɗe ba, ba ta ƙarƙashin hammata ba, ba mutum biyu cikin guda ba. Igiyar ƙasa ta kwanta kan ƙashin ƙugu, ta sama ta bi tsakiyar kafaɗa, kada ta hau wuya. Mai ciki, wadda kowa ke ce wa kada ta ɗaura za ta matse ɗa, shi sai ya kau da kai don kunya, yana kallon taga yana yi mata bayani, ta sauke igiyar ƙasa da cikin, ta saman kuma ta ratsa ƙirji ta bi gefensa. A motarsa ta ƙarshe ana iya ɗaga inda igiyar ke fitowa ko a sauke shi, gwargwadon tsawon mutum. Matarsa doguwa ce. In za ta shiga gaba sai ya ɗaga mata, tana sauka ya mayar da abin can ƙasa. Ko a zaman makoki sai da ta yi wannan mita, ta ce shekara nawa tana ce masa ya bar shi a sama tunda ita ce mai kujerar, bai taɓa ba ta amsa ba.

Kowace Juma'a da hantsi yakan zaro ɗamarun duka har ƙarshe, ya wanke su da sabulu da soso, ya bar ƙofofi a buɗe su bushe. Wannan ya samo asali ne daga Alhajin da ya fi daɗewa yana tuƙa wa, ɗaya daga manyan ƴan kasuwar garin nan masu kai kaya ƙetaren iyaka. Ɗamarar da ba a amfani da ita datti take tarawa. Direbobi na da dabararsu, in sun hango shingen jandarma sai su jawo ta su ɗora a ƙirji ba tare da sun maƙala ba, suna wucewa su saki, ta bar wa farar shadda baƙin layi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Alhaji ya ce shi ba zai shiga taro da zane a riga kamar jakin da aka yi wa shaida ba. Kawu ya wanke ɗamarar tas. Da wannan hujja ta faɗi, Alhaji ya kawo wadda kowa ke kawowa, ya ce gawa ake ɗaurewa, shi kuwa da ransa, kuma kwanan mutum ba ya ƙarewa sai ranarsa.

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Kawu. "Amma gawa ba ta ɗaure kanta. Tunda kana iyawa, yi da hannunka."

Sau biyu Alhaji na korarsa, sau biyu yana aikawa a kira shi. A ƙarshe ya riƙa ɗaurawa yana tsaki, yana cewa bai taɓa ganin bawan da ya mallaki ubangidansa ba sai wannan.

Ba da wannan hali aka haifi Kawu ba. An ce da can shi ne sarkin gudu, hula a karkace, hannu ɗaya a waje. Abin ya sauya ne a shekarar babban fari, wadda soja suka fara karɓar ƙasa. Ina da shekara bakwai, muna zaune a Tsibiri. Rumbuna sun zama wofi, muna cin abin da a da akuya ma sai ta shinshina ta bari. Aka ce ana rabon jar dawa a Maradi. Kawu na tuƙa wata mota ƙirar kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, ya biyo ya ɗauke mu. Ni aka jefa ni baya cikin mata da buhunan wofi. Inna aka ba ta gaba, don gaban mota wurin girma ne, ita kuwa yayar direba ce. Ta kwance goyon ƙanena, ɗan wata takwas, ta ɗora shi a cinya, tunda ba a jingina da kujera da goyo a baya.

A shekarar shanu yawo suke yi babu makiyayi, ƙashi da fata. Wata saniya ta hau kwalta, ta tsaya, sannan ta durƙusa a tsakiyar hanya. Kawu ya taka birki, amma sai da ya buge ta. Ba wani mugun karo ba ne. Ni leɓe kawai na fasa, matan baya suka zube a kan juna suna salati, fitila ɗaya ta mutu. Ƙanena ya fita daga hannun Inna ya bugi ƙarfen gaban mota. Kafin mu kai likita ya cika.

Mutane suka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne. Yara na ta mutuwa a lokacin, ga yunwa ga ƙyanda, har ba a cika yi musu dogon zama ba. Babu wanda ya zargi kowa. Aka rufe shi, muka koma Tsibiri da dawar da aka ba mu, muka ci, don yunwa ba ta san makoki ba. Daga ranar ba a sake ambaton yaron a gidanmu ba, Inna kuma ba ta sake shiga motar da Kawu ke tuƙawa ba.

Shi kuwa sai ya tono ɗamarun motar daga ƙarƙashin kujera, inda aka cusa su tun tana sabuwa. Ɗaya ma an yanke ta an ɗaure akuya da ita, sai da ya nemo wata. Ya hana yaro zama gaba, ko a cinyar wa. Sannan bayan kamar shekara guda ya yi abin da tsofaffin Tsibiri ke ba da labarinsa har yau. Ya aro wata akwalar mota wajen makaniki, ya ɗaura mata tsofaffin tayoyi a hanci. Ya sa aka ɗinka ɗan buhu aka cika shi da yashi, don gero har lokacin ba abin wasa ba ne, ya auna shi daidai nauyin ɗan wata takwas. Ya kira wani ƙaton ɗan kokowa na unguwarmu wanda ba a taɓa kayarwa ba, ya zaunar da shi gaba, ya ɗaura masa ɗamara, ya ce ya rungume buhun iya ƙarfinsa. Ya ja motar da gudun da bai kai na zuwa kasuwa ba, ya daki tudun yashin da ke bayan gidanmu. Buhu ya tashi ya bugi gilashi. Ƙato ya ce bai shirya ba, a sake. Aka sake, buhu ya ƙara kuɓucewa. Jama'a na ta yi wa ɗan kokowa dariya, Kawu ya fito ya juya wajen katangar gidanmu, ya ɗaga murya, abin da ba halinsa ba.

"Kun dai gani. Hannu ba ya riƙe yaro. Ko hannun wa."

Inna na daka a tsakar gida lokacin da mata suka shigo da labari, har da nauyin buhun. Ta ajiye taɓarya ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba.

Kada a ɗauka gaba suka yi. Da ma gabar ce da an sami mai shiga tsakani. Suna gaisawa, suna zumunci, ita ta yi masa hidimar aure, shi ya rufe mahaifina. Da Inna ta dawo wajena a unguwar Zariya ta nan Maradi, kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya zo da goro da ɗaurin zogale. Ta dama masa fura da kanta, ba ta yarda wani ya dama. Su yi hirar damina da ta waɗanda suka mutu. In ya tashi tafiya ta rako shi ƙofar gida, sai ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe.

"Yaya, in kai ki wani wuri?"

"Ƙahwata lahiya lau, Auta."

Ya rufe ƙofar, ya zagaya, ya ɗaura ɗamararsa ya tafi. Shekara talatin da wani abu ana wannan tambaya da wannan amsa. Na ga Inna a kan babur ɗin kabu-kabu, na gan ta a amalanken shanu, na gan ta cikin taksin da aka cusa mutum tara, ƙofa ɗaure da waya. Motar da ta fi kowace lafiya a garin nan ita ce ba ta shiga. Har na gaji da gani, in ya buɗe ƙofar sai in koma cikin gida.

Rabin maganar na fara ji ranar sunan ɗiyata ta fari. Wata baƙuwa za ta tafi, ta nufi gaban motar Kawu da jariri a hannu, ya mayar da ita baya, ya faɗi maganarsa ta kullum. Inna na tsaye da ƙwaryar goro. Ta shigo ɗakin da nake ta zauna ta ba ni baya. Ni ce ƴar farinta, ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona in tana magana, haka aka raine ta. Don haka da bango ta yi maganar.

"Har yau bai gaji ba. Da ni shike. Hannuna ne ya saki yaron, na sani, ba sai an tara mani gari ba."

Na ɗauki maganar na ajiye a raina. Na kuma yarda da ita. Na ɗauka gugar zana ce Kawu yake yi, na daɗe ina jin haushinsa a ɓoye.

Ɗaya rabin sai bayan shekaru. Kawu ya bar aikin Alhaji, ya sami ɗan fili a gonakin rani na Jiratawa yana noma tattasai da zogale, ya sayi mota ta hannu cikin waɗanda ake kawowa daga Kwatano. Da ita yake kawo matan nan kasuwar Maradi. Mutum huɗu yake ɗauka, iya yawan ɗamarun, in sun fi haka ya yi sawu biyu, suna zaginsa suna jira. Motar na da jakar iska, wadda ke fashewa daga sitiyari da gaban fasinja in an yi karo. Direbobin tasha suka ce to an huta da santir, mota ta zo da matashin kai. Har suka koyi maƙala ɗamara ta bayan kujera don motar ta daina yi musu ƙara, abin da Kawu ke kira toshe bakin mai gaskiya. Shi da kansa ya je wajen masu fasa tsofaffin motoci ya ga wadda jakarta ta fashe, ya tambayi wanda ke ciki yadda aka yi. Ya dawo ya ce wannan ba matashi ba ne, naushi ne, wanda ya ɗaura ta tare shi, wanda bai ɗaura ba ta tarbe shi da duka. Daga nan doka ta ƙaru. A ja kujera baya, kada a rungumi sitiyari, kada a ɗora ƙafa a kan tablo, wato allon gaban mota, yaro kuwa ko kusa da gaba. Ya kuma sa masu kawo motoci suka samo masa kujerar jarirai, ya ɗaure ta a baya tana kallon baya. Matan Jiratawa suka sa mata suna kujerar kumandan, don a cewarsu ba a taɓa ganin jariri da wurin zamansa shi kaɗai ba sai a mulkin soja.

A wannan mota ya koya mini tuƙi, a hanyar da ta bi gefen magudanan ruwa na Jiratawa, ni da girmana, ina koyarwa a lakwal ana ce mini Madam, yana yi mini faɗa kamar ƴar aji ɗaya. Wata rana wani ɗan maraƙi ya tsaya a hanya can da nisa. Na ci gaba da tafiya ina jiran ya kauce. Kawu ya ce in tsaya, da wata murya da ban san shi da ita ba. Na tsaya. Ya daɗe yana kallon maraƙin, sannan ya ce saniyar nan ta shekarar fari ya hango ta tun daga nesa. Ya ɗauka za ta kauce kamar yadda shanu ke yi, bai rage gudu ba, bai yi tunanin ba ta da ƙarfin kaucewa ba. Ya ce Yaya ba ta shiga motarsa kuma tana da gaskiya, shi ma da shi ne ba zai shiga ba. Na yi ta maza na tambaye shi zancen buhun yashi, na ce me ya sa ya yi mata haka a bainar jama'a.

Ya juyo ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"Don ta ji niy yi. Don ta san ko ƙato bai iyawa, balle mace mai shayarwa da ta kwana biyu ba ta ci ba. Ba laihinta ba ne. Nawa ne."

Na ce ya taɓa gaya mata haka baki da baki?

"Ana hwaɗa ma uwa irin wagga magana? Tada mota, ɗiyata, rana na yi."

To ga ni da rabi biyu a hannu. Ita tana ganin ƙanenta na yi mata gori, shi yana ganin yayarsa ba ta yafe masa ba, kuma duk duniya ni kaɗai na ji bakin kowannensu. Abin da ya rage in haɗa su, magana ce da ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Ban yi ba. Na ce sai na sami lokacin da ya dace. Na ce ƴar fari ba ta tayar wa uwa da zancen ɗan da ta binne. Na ce bari azumi ya wuce, bari a gama bikin wance, bari Inna ta warke daga ciwon ƙafa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, kuma na saba da ganinsu haka. Da ya kwanta ciwo Inna na zuwa kullum a kan kabu-kabu, ta zauna gefensa tana ba shi kunu da cokali, ni ina tsaye bakin ƙofa da maganar a bakina. Na ce bari ya ɗan ji sauƙi. Shekara goma sha ɗaya ina cewa gobe.

Ranar kwana shida da rasuwa, bayan la'asar, masu gaisuwa suka ragu. Inna na ɗakin baya ita kaɗai. Na shiga na zauna na ba ta baya, kamar yadda ta yi mini a da, na fuskanci bango. Na ce mutane na magana, an ce ba ta yafe wa Kawu ba.

"Mi zan yahe mashi?" in ji ta. "Shi ne ya tahi bai yahe mani ba."

Sai na faɗa mata duka, maraƙin Jiratawa, saniyar da ya hango, abin da ya sa ya auna buhun, da abin da yake nufi duk ranar da ya ce hannu ba ya riƙe yaro. Na faɗa mata yadda ya fassara ƙin shiga motarsa. Ban juyo ba, amma na ji carbin ya daina motsi. Sannan ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na faɗa mata.

"Ke ma Allah shi yahe maki," ta ce.

Ba ta ce ta yafe mini ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta dafa bango ta tashi ta tafi alwala.

Washegari sadakar bakwai, a gidan kakanninmu na Tsibiri za a yi. Matar Kawu na takaba ba za ta fita ba, ta miƙo mini makullin motarsa ta ce in kai waɗanda za su je. Ni na riga na aika a kira wa Inna kabu-kabu kamar kullum. Ɗiyata ta fito da jaririnta, wata mata ɗaya ta shiga baya. Ina cikin gyara madubi na ga Inna ta fito da mayafinta, ta wuce mai babur ɗin kamar ba ta gan shi ba, ta zo ta tsaya jikin ƙofar gaba. Ta tsaya kawai. Sai da na ɗan jima kafin na gane jira take a buɗe mata. Na fita na zagaya na buɗe, na riƙe ƙofar.

Ta zauna a hankali. Ɗiyata, don ta girmama kakarta, ta miƙo mata jaririn ta taga. Inna ta karɓe shi. Ta riƙe shi a cinya, ta dubi fuskarsa, ta dubi hannayenta, waɗanda yanzu duk jijiya ce. Sannan ta mayar da shi.

"Ungo, sa shi cikin kujerarshi. Hannu ba ya riƙe yaro."

Aka ɗaure shi a kujerar kumandan yana kallon baya. Inna ta laluba gefen kafaɗarta ta jawo ɗamarar. Wata huɗu ba a wanke ta ba, amma ba ta bar ko ɗigo a farin mayafinta ba. Ba ta san inda ake maƙalawa ba, na kama hannunta na nuna mata, na sauke igiyar ƙasa kan ƙugunta. Na miƙa hannu zan daidaita ta saman kamar yadda ya koya mini, sai na ga babu abin gyarawa. Inna gajeriya ce. Igiyar ta kwanta daidai tsakiyar kafaɗarta, a wurin nan na can ƙasa inda yake mayar da ita duk lokacin da matarsa ta sauka. A nan ne kukan da ban yi ba kwana bakwai ya zo mini, na kifa kai a sitiyari, matan baya na ba ni haƙuri ba su san dalili ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa iyakar wahalarsa ke nan, ya haɗa shi da yaron da ya ɗauka a ransa duk tsawon shekarun nan. Mu da muka rage Allah ya ba mu bakin faɗar magana tun masu ita na da rai.

Inna ta bari sai da na share fuska. Ba ni ta kalla ba, gilashin gaba take kallo, hannunta ɗaya a kan igiyar da ke ƙirjinta.

"Na ɗaura, Auta," ta ce. "Mu tahi."

Na tada mota muka kama hanyar Tsibiri.